Ɗalibaina sun kasa gane kemistiri, wan mijina kuma yana so in ƙara wa 'yarsa maki

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce. A Arewa na yi digirina a fannin bayokemistiri, aure ya kawo ni Legas, muna zaune a Agege. Bara na samu aikin koyar da kemistiri a wata makarantar kuɗi ta unguwa. Yawancin ɗaliban 'ya'yan Hausawa ne, sai Yarabawa da wasu ƙabilu. Ni ke riƙe da SS1 da SS2.

Yaran nan sun kasa gane fomula da sunayen sinadarai da daidaita ikweshan. Ina bayani har muryata ta dishe, su ce sun gane, ranar gwaji sai ki ga an rubuta NaCl₂, ko yaro ya mayar da H₂O ya koma H₂O₂ don kawai oksijin ya yi daidai. Suna irin tetraoxosulphate(VI) kuwa, dariya suke yi su ce sunan aljanu ne.

Shugaban sashen kimiyya dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa. Ya ce ɓata lokaci nake yi, in rubuta musu ikweshan hamsin da ke yawan fitowa a WAEC su haddace, wanda ya kasa ya sha bulala. Ya kuma kai ƙarata cewa ina yin Hausa a aji. Mai makaranta ya ce idan sakamakon wannan zangon bai gyaru ba zai karɓe SS2 daga hannuna, albashina kuma ya ragu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yar wan mijina tana SS2, kuma 11 ta ci cikin 40. Babanta yana sana'ar albasa a Mile 12, shi ya riƙe mijina tun yana yaro, ya ƙwallafa rai sai ta zama likita. Ya aiko mijina ya ce in "duba ta" a sakamakon zango, kada in kunyata gida. Mijina bai tilasta ni ba, amma na ga fuskarsa. Yarinyar ma gaisuwarta ta canza. Har na fara tunanin ajiye aikin in koma sayar da atamfa ta WhatsApp. Yaya zan yi?

Malama, daga Agege

Wa'alaikumus salam, ƙanwata Malama. Sannu da ƙoƙari, sannu da haƙuri. Damuwar aji da ta ofis da ta gida ne suka haɗu miki a lokaci guda, shi ya sa har kike hangen atamfa. Sayar da atamfa sana'a ce mai albarka, amma ba yanzu ba, kuma ba don gudun wannan ba.

Bari in sauke miki mafi nauyi tun da wuri: kada ki ƙara wa yarinyar nan makin da ba ta ci ba, ko ɗaya. Ke ma kin sani, don da kina da niyyar yi da ba ki rubuto ba. Zan zo kan yadda za ki yi da Yaya, wan mijinki, ba tare da zumunci ya taɓu ba, amma sai mun shiga aji tukuna, domin a can amsar da za ki ba shi take.

Kurakuran da kika kawo, ni daɗi suka yi mini. Yaron da ya mayar da H₂O zuwa H₂O₂ ba daƙiƙi ba ne. Ya gane cewa dole ɓangarorin biyu su yi daidai, kuma wannan rabin darasin ne. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ƙaramar lambar ƙasa ita ce ke faɗin ko wane sinadari ne. H₂O ruwan sha ne, H₂O₂ kuwa ruwan nan ne na kemis da ke kumfa idan an zuba a kan ciwo. Wadda ta rubuta NaCl₂ kuma ta ga MgCl₂ ne a wani shafi, ta ɗauka haka ake yi wa kowa, don ba ta san dalilin da ya sa sodiyam ɗaya ke ɗaukar kulorin ɗaya ba. Ashe matsalar ba a ikweshan take ba. Tana can baya a SS1, inda ake koyar da alamomi da balensi, wato ƙarfin haɗuwar kowane atam da wasu, aka wuce da gudu don a gama manhaja.

Wani malamin Jami'ar Glasgow da ke Sikotilan, Alex Johnstone, ya nuna tun farkon shekarun 1980 cewa kemistiri hawa uku ne. Akwai abin da ido ke gani, kamar kumfa da hayaƙi da canjin launi. Akwai abin da ido ba ya gani, wato atam da ayon (atam ko gungun atam mai ɗauke da caji) suna rabuwa suna sake haɗuwa. Sai rubutun alama a kan allo. Ke da kika yi digiri, idan kin ga 2H₂ + O₂ → 2H₂O kina ganin ƙwayoyin a ranki. Yaro haruffa da lambobi kawai yake gani, kuma a darasin lissafi an saba masa da cewa haruffa da lambobi ana jujjuya su. Don haka "mun gane" ɗin da suke cewa ba ƙarya ba ce. Suna bin bayaninki lokacin da kike yi, kina fita babu abin da zai riƙe musu shi.

Ki ɗauki mako uku ki koma baya, har da 'yan SS2, babu kunya a ciki. Ki fara da alamomi. Sinadarai na asali da aka sani a yau 118 ne, amma ɗan sakandare ba ya buƙatar ko rabinsu: ashirin na farkon jadawali, daga haidirojin zuwa kalsiyam, sai ƙarfe da jan ƙarfe da tutiya da darma da azurfa da wasu 'yan kaɗan. Tsarin rubuta su da haruffa wani ɗan ƙasar Suwidin ne, Berzelius, ya kawo shi a wajen 1813, kuma dokarsa ba ta canza ba: harafin farko babba, na biyu ƙarami. Kada ki bar wannan ya wuce a matsayin ado. Ki rubuta CO da Co a allo. Na farko shi ne gubar hayaƙin janareta da ke kashe iyali cikin barci idan an kunna shi a wuri rufaffe, kuma babu yaron da ya tashi a Legas bai ji irin wannan labari ba. Na biyu ƙarfe ne, kobal. Su Na da K da Fe da Cu da Pb da ke rikita su, ki gaya musu daga sunayen Latin aka ciro su, ki wuce.

Yanzu ga inda dattijon naku yake da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ba ƙarama ba ce. Kemistiri yana buƙatar hadda. Inda muka rabu da shi shi ne abin da za a haddace. Ikweshan hamsin, idan WAEC ta kawo na hamsin da ɗaya shi ke nan. Amma akwai ayon ashirin da 'yan kai waɗanda duk wanda ya riƙe su da cajinsu zai iya gina ɗaruruwan fomula da kansa: H⁺, Na⁺, K⁺, Ag⁺ da NH₄⁺, Mg²⁺, Ca²⁺, Zn²⁺, Cu²⁺ da Pb²⁺, Al³⁺, ƙarfe mai fuska biyu, Fe²⁺ da Fe³⁺, sai Cl⁻, OH⁻, NO₃⁻, HCO₃⁻, O²⁻, S²⁻, SO₄²⁻, CO₃²⁻ da PO₄³⁻. Ki ƙara da guda bakwai ɗin da ke tafiya bibbiyu, H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂ da I₂. Yawancin yaranki suna zuwa Islamiyya da yamma, wasunsu da izu-izu a ka. Wannan ɗan jadawalin ba zai gagare su ba. Minti biyar a farkon kowane darasi, a karanta tare, sannan ki riƙa nuna mutum ɗaya-ɗaya ba bisa jeri ba.

Daga nan fomula doka ɗaya ce: cajin tarawa da cajin ɗebewa su haɗu su ba da sifili. Ki samo tsofaffin kwalaye daga mai shago ki yanka kati-kati. Ayon mai caji ɗaya faɗinsa yatsa biyu, mai caji biyu ninkinsa, mai caji uku ninki uku. Yara su jera masu tarawa a sama, masu ɗebewa a ƙasa, har tsawon layukan biyu ya zo ɗaya. Katin Na⁺ da na Cl⁻ suna haɗuwa sun daidaita, babu gurbin kulorin na biyu, NaCl₂ ta mutu ke nan ba tare da kin ɗaga murya ba. Al³⁺ biyu sai sun samu SO₄²⁻ uku, ga Al₂(SO₄)₃ ta fito, ɗan'uwan alif ɗin da ake jefawa a ruwa datti ya kwanta. A nan ne kuma za su ga amfanin baka, wato alamar ( ), domin katin OH⁻ guda ne ba a raba shi, idan an ɗauki biyu dole a rubuta Ca(OH)₂. Dabarar nan ta gicciya lambobin caji da kowa ke koyarwa, ki ajiye ta sai sun saba da katin. Idan aka fara da ita, ita ce ke haifar da Mg₂O₂ a maimakon MgO.

Sai sunayen aljanu. Ki bar su su yi dariyarsu, sannan ki nuna musu cewa sunan nan mai tsawo satar amsa ce da jarabawa ta halatta. Ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ke tsara sunayen sinadarai a duniya, kuma salon da littattafanmu da WAEC suke bi yana faɗin abin da ke cikin fomula gaɓa-gaɓa. A tetraoxosulphate(VI), tetra huɗu ne, oxo oksijin, sulph salfa ce a tsakiya, VI kuma lambar oksideshan ɗin salfar, wato cajin da ake lissafa mata a cikin fomular. Ki sa su lissafa da hannunsu a H₂SO₄: haidirojin biyu +2, oksijin huɗu −8, to nawa salfa za ta ɗauka a samu sifili? +6. Sai ki ba su HNO₃ su nemo +5 su raɗa masa trioxonitrate(V) acid da kansu. Ki kawo ɓawon ƙwai ki ce wannan CaCO₃ ne, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Ewekoro, su nemo dalilin da ya sa ake ce masa calcium trioxocarbonate(IV). Masu kaifin ciki ki jefa musu KMnO₄ ki ga wa zai fara kawo VII.

Akwai rami ɗaya a nan da yara da yawa ke faɗawa, ki tare shi tun kafin su isa. Suna ɗauka lambar Romawa yawan atam ce, sai a ce su rubuta iron(III) oxide su rubuta FeO₃. Ki mayar da su kan kati: Fe³⁺ biyu, O²⁻ uku, Fe₂O₃, wanda shi ne jigon tsatsar da ke cin rufin kwano da ƙofofin ƙarfe a garin nan mai iskar teku. Kuma kowane darasi a yi tafiyar gaba da baya, daga suna zuwa fomula, daga fomula zuwa suna. Tsofaffin sunaye irin sulphuric acid ma ki ambata musu a gefe, domin su ne a jikin kwalabe, su ne kuma za su ji a jami'a da asibiti.

Sai bayan duk wannan za a taɓa ikweshan, kuma za ki ga aikin ya ragu sosai. Ki sa yara su tattaro marafen kwalba masu launi daban-daban, ja oksijin, fari haidirojin, baƙi kabon. A gina CH₄ da O₂ a hagun tebur, a ce a warwatsa su a gina CO₂ da H₂O a dama, ba a ƙara marfi daga aljihu, ba a bar saura. Za su ga oksijin bai isa ba, sai an kawo O₂ guda cur, ba rabinsa ba. Su da kansu za su iso CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O. 'Ya'yan 'yan kasuwa gare ki, ki yi musu magana da abin da suka sani: babbar lambar gaba yawan buhuna ce, ƙaramar lambar ƙasa abin da ke cikin buhu ne. Kana iya ƙara buhu nawa kake so, amma ba ka farke buhu ka canza kayan ciki.

Ki kafa musu jeri guda da ba a tsallakewa. A fara rubuta abin da ya faru da kalmomi, sannan a rubuta fomular kowane sinadari daidai a rufe maganarta, sannan a ƙirga atam na hagu da dama a ɗan tebur a gefen takarda. A bar haidirojin da oksijin sai ƙarshe. Idan gungu kamar SO₄ ya fito a ɓangarorin biyu bai rabu ba, a ƙirga shi a matsayin abu ɗaya. Ranar da suka ƙware, ki kawo musu butan, ɗaya daga cikin iskar da ke tukunyar gas ɗin girkin gidajensu. Za su cije a oksijin, don shida da rabi zai fito. Ki bar su su yi ta fama kafin ki nuna musu a ninka komai biyu: 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O. Yaron da ya warware wannan da kansa ba zai sake jin tsoron takardar ba.

Kada kuma ki manta hawan farko, abin da ido ke gani. Ko makarantarku ba ta da ɗakin gwaji na kirki, akwai abin da za ki iya. Ki samo babbar robar lemo mai gas wadda marfinta ke rufuwa gam, ki zuba binega kamar cokali huɗu, ki ƙulla gram 2 na bekin soda a 'yar takarda ki saƙale ta a wuyan robar, ki rufe, ki auna a ƙaramin sikelin dijital. A girgiza, kumfa ya tashi, a sake aunawa: nauyi bai canza ba. A buɗe marfi a hankali, iska ta fita, nauyi ya ragu. Gram 84 na NaHCO₃, wato bekin soda, yana ba da gram 44 na CO₂, don haka gram 2 zai ba da kusan gram 1. Wannan ita ce dokar da Lavoisier na Faransa ya bayyana a 1789, cewa a haɗuwar sinadarai babu abin da ke ɓata, babu abin da ke zuwa daga babu, kuma ita ce dalilin daidaita ikweshan tun asali. Ruwan zoɓo ma malami ne: a matsa lemon tsami ya ƙara ja, a jefa kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Abu ɗaya dai, kada ki yarda wani yaro ya kawo ruwan batir daga garejin babansa don burge ki.

Maganar Hausa a aji, a nan sai kin yi adalci. Ba laifi ba ne a buɗe wa yaro abu da harshen da yake tunani da shi, kuma na tabbata kin ga yadda idanunsu ke buɗewa. Amma ki tuna Bayarabiyar da ke zaune a layi na uku, wadda iyayenta suka biya kuɗi daidai da na kowa. Duk mintin da kika yi kina Hausa, ita a waje take. Ga kuma jarabawa da Turanci za a yi ta. Ki riƙe darasin gaban allo da Turanci mai sauƙi, sannan lokacin aikin kati da marafe ki raba su rukuni-rukuni, ki bar su su yi wa juna bayani da Hausa ko Yarabanci ko Burokin, ke kina zagayawa kina taimakon kowa da abin da ya fi ji. Sharaɗin shi ne amsar da za a rubuta da wadda za a faɗa wa aji ta fito da Turanci. Da wannan ƙarar da aka kai ta faɗi da kanta.

Shi kuma dattijon, kada ki mayar da shi abokin gaba. Mutumin da ya ga jarabawa ta wuce ta gabansa shekara da shekaru ya san abin da ke fitowa, kuma wataƙila abin da ke ransa bai wuce ganin yarinya sabuwar zuwa ta watsar da hanyarsa ba tare da ta tambaye shi ba. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban malamai ba, ki gaishe shi yadda ake gaida uba. Ki roƙe shi jerin ikweshan hamsin ɗin nan, don kina buƙatarsu da gaske: su ne za su zama atisayenki bayan mako ukun, sai dai yaran za su gina su ne maimakon su haɗiye. Ki nuna masa jadawalin ayon ki ce ya duba ko akwai wanda kika manta. Wanda aka nemi shawararsa da wuya ya sake kai ƙara. Bulala kam ki ƙi cikin ladabi. Gwamnatin Jihar Legas ta hana dukan ɗalibai a makarantunta, kuma yaron da ke jiran bulala kwafar amsa yake koya, ba caji ba.

Mai makaranta ɗan kasuwa ne, iyaye sakamako suke tambayarsa, don haka ki je masa da takarda ba da ƙorafi ba. Shafi ɗaya ya isa: ga abin da zan yi a mako uku, ga gwaji mai tambaya ashirin da zan ba su kafin in fara, ga irinsa da zan ba su bayan na gama, shugaban sashe ne zai duba takardun. Ki nuna masa rahoton manyan masu duba jarabawa da WAEC ke fitarwa, inda kasa rubuta fomula da daidaita ikweshan da sunayen IUPAC suke cikin raunin da ake yawan ambata wa ɗaliban kemistiri. Zai gane ba a ajinki ciwon ya fara ba. Ki gaya masa gaskiya cewa manhaja za ta ɗan yi jinkiri, amma lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, da duk abin da ke gaba a kan wannan suke zaune.

To, mu koma gida. Yaya ba mugu ba ne. Mutum ne da ke sammako cikin hayaniyar Mile 12 yana biyan kuɗin makaranta, yana son 'yarsa ta huta da wahalar da ya sha. A kasuwa idan naka yana da hali yana yi maka alfarma, shi a ganinsa abin da ya nema ke nan. Mijinki kuma yana tsakanin matarsa da wanda ya zame masa uba, shirunsa na nauyi ne. Kada ki sa shi ya zaɓa, kuma kada ki bar saƙo ya riƙa yawo ta bakinsa. Ki fara zama da shi ki ce kina son ku je gidan Yaya tare, shi ya buɗe magana, ke ki yi bayani.

Idan kun je, kada kalmar farko ta zama "ba zan iya ba". Ki fara da burinsa. Ki ce, Yaya, likitanci sai da kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, sannan a JAMB ma sai ta amsa kemistiri a gaban kwamfuta, inda babu ni babu kowa. Idan na rubuta mata 30 a yau, na rufe mana ido ne mu duka har ranar da gyara ba zai yiwu ba. Yanzu tana SS2, akwai lokaci. Sannan ki ajiye abin da za ki bayar a madadin makin: za ki zauna da ita a gida sau biyu a mako ba ko sisi, kuma za ki riƙa kawo masa takardunta ya ga yadda take hawa. Uba irin wannan, abin da yake tsoro shi ne a ce an yi watsi da 'yarsa. Idan ya ga an ɗauke ta da muhimmanci, rabin fushin ya tafi. Idan ma ya ɗaure fuska na ɗan lokaci, ki ci gaba da gaisuwa da aike kamar yadda kika saba. Kuma daga yanzu ki roƙi shugaban sashe ya riƙa duba takardar jarabawarta. In ta ci ba mai cewa kin ƙara, in ta faɗi ba mai cewa kin danne.

Yarinyar ita ce ba wanda ya tambaya a duk wannan. Gaisuwarta da ta canza, ina zaton kunya ce ba raini ba: matar ƙanin babanta ta ga 11 ɗinta, gida duka ya ji. Ki kira ta ke da ita, ba a makaranta ba, ki buɗe takardar ku bi ta tare, ki fara da inda ta yi daidai. Ki ce ta zo da ƙawa ɗaya ko biyu ranar lesin, don kada ya zame mata horo. Can gaba, idan ta sake da ke, ki tambaye ta ita me take so ta zama. Mai yiwuwa likitancin ne, sai ku dage. Mai yiwuwa kuma jinya ce, ko haɗa magunguna, ko ma lissafin kuɗi. Ukun farko duka suna bin ta kan kemistiri, don haka lesin bai faɗi ƙasa banza ba. Idan kuwa zuciyarta ba ta kimiyya gaba ɗaya, wannan wata magana ce da za a kai wa Yaya a hankali, bayan ya ga an yi iya ƙoƙari, ba a zaman farko ba.

Idan duk da haka mai makaranta ya karɓe SS2, ragin albashin zai yi ciwo, ba zan ɓoye miki ba, kuma a nan atamfar za ta iya shigowa ta cike giɓi da yamma. Amma SS1 ɗin da za a bar miki shi ne ajin da ake kafa duk abin da muka lissafa, kuma baɗi su ne SS2. Abin da nake so ki sa a gaba shi ne takardar koyarwa. Digirin bayokemistiri ya ba ki ilimin, bai koya miki yadda ake ba da shi ba, kuma wannan ba laifinki ba ne. Ki nemi PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin ta ta karatu daga nesa, sannan ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, domin da su ne makarantun gwamnati da manyan makarantun kuɗi za su saurare ki. Ki tambayi inda reshen STAN na Legas ke taro, ƙungiyar malaman kimiyya ce da ke nan tun 1957. A wayarki kuma ki nemo PhET, shafin wasannin gwajin kimiyya na Jami'ar Colorado, kyauta ne, akwai wasan daidaita ikweshan a ciki wanda ake iya saukewa a yi amfani da shi ba tare da data ba. Ki gwada shi da yarinyar a lesinku na farko kafin ki kai shi aji.